HAƘURI CIKIN TSANANI DA DOGARO GA ADALCIN ALLAH

Godiya da yabo sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mamallakin rani da damina, Wanda yalwa da ƙunci duk suke hannunSa, kuma ba Ya zaluntar bawanSa a cikin ko ɗaya daga cikinsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban masu haƙuri, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata tambaya da take yawo a zukatan jama'armu a duk lokacin da rayuwa ta yi tsanani. Wasu sukan furta ta a zaure ko a ƙofar masallaci bayan sallar Isha'i, wasu kuwa sukan haɗiye ta don tsoron kada ta zama saɓo. Manomi ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai, sai ruwa ya ɗauke daidai lokacin da gero ya yi ciki. Maraya yana kallon gonar mahaifinsa a hannun wanda ya fi shi ƙarfi. Ga kuma wanda kowa ya san bai tsare sallah ba, bai tsare amanar mutane ba, amma kullum dukiyarsa sai haɓaka take yi. Sai zuciya ta ce: to, ina adalci? Darasinmu na wannan fitowa zai tsaya ne a kan wannan tambaya, mu dube ta da hasken Alƙur'ani da Sunna, mu kuma duba abin da ya auku a ƙasarmu ta Damagaram, domin tarihin ƙasa wa'azi ne ga mazaunanta.

1. MA'ANAR HAƘURI

Kalmar da muke fassarawa da haƙuri, watau sabru, asalinta a Larabci shi ne tsarewa ko ɗaurewa. Saboda haka malamai suka ce mai haƙuri shi ne wanda ya tsare abu uku a lokacin musiba: ya tsare zuciyarsa daga jin haushin hukuncin Allah, ya tsare harshensa daga maganar da Allah ba Ya so, ya tsare gaɓɓansa daga aikin jahiliyya, irin su marin fuska da yage tufafi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya keɓe wa haƙuri da godiya babi guda a cikin Ihya'u, Ibnul Ƙayyim kuma, wanda ya rasu a 751, ya wallafa littafi sukutum a kansa mai suna Uddatus Sabirina. Tun a farkon Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ɗalibi yake koyon cewa imani da ƙaddara, mai daɗi da mai ɗaci, yana cikin abin da ya wajaba a ƙudurce.

Malamai sun kasa haƙuri gida uku. Na farko, haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a. Na biyu, haƙuri ga barin saɓon Allah. Na uku, haƙuri a kan abin da Allah Ya ƙaddara na wahala. Yawancinmu na ukun kaɗai muka sani, alhali kuwa tsanani yakan zo da ukun a lokaci guda. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin saukar damina yana bukatar ya jure yunwa, yana bukatar ya tashi sallar Asuba da jiki ba ƙarfi, yana kuma bukatar ya kame hannunsa daga amanar da aka ba shi ajiya. Mai awo a Kasuwar Dole da jarinsa ya karye, jarrabawarsa ba ta tsaya ga asarar ba, tana nan kuma a bakin tiya, ko zai cika ta ko zai tauye. Wanda ya jure asara amma ya tauye mudu bai cika haƙuri ba tukuna.

2. ABIN DA HAƘURI BAI HANA BA

Da yawa daga cikin mutane sun ɗauki haƙuri da ma'anar da shari'a ba ta ba shi ba, har ya zamar musu kaya mai nauyi. Lalle ne mu san abu uku da haƙuri bai hana ba.

Na farko, bai hana hawaye da baƙin cikin zuciya ba. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa idanun Manzon Allah (S.A.W.) sun zubar da hawaye a lokacin rasuwar ɗansa Ibrahimu, ya kuma bayyana cewa wannan jin ƙai ne, abin kiyayewa shi ne kada harshe ya faɗi abin da zai fusata Ubangiji. Annabi Yaƙuba (A.S.) ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har ganinsa ya tafi, amma kukansa ga Allah ya kai shi. Annabi Ayuba (A.S.), wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kira Ubangijinsa ya ambaci cutar da ta same shi, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya'i, aya ta 83 da 84, kuma wannan bai rage masa matsayi ba. To, kada a tsawata wa uwar da ta rasa ɗanta don an ga hawayenta.

Na biyu, bai hana neman mafita ba. Nana Hajara ta sakankance cewa Allah ba zai tozarta ta da jaririnta a kwarin Makka ba, duk da haka ta yi kai da kawo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai tana neman ruwa, Allah kuma Ya mayar da wannan kai da kawo nata ibada ga mahajjata har abada. Mu mutanen Damagaram, da garinmu yake zaune a kan duwatsu, muka san wahalar ruwa tun kaka da kakanni, mun fi kowa cancantar fahimtar wannan ƙissa. Matar da ta tashi cikin dare da jarka tana bin layin famfo, da ɗan garuwan da yake tura kura cikin zafin bazara, in sun kyautata niyya, suna cikin haƙuri ne, suna kuma cikin neman mafita. Haka nan Sayyidina Umar (R.A.) ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna cewa komawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take.

Na uku, bai hana neman haƙƙi ba. A Suratun Nisa'i, aya ta 148, Allah Ya yi wa wanda aka zalunta izinin ya bayyana zaluncin da aka yi masa. A Suratush Shura, daga aya ta 39 zuwa 43, Ya ɗauke laifi daga wanda ya nemi haƙƙinsa, Ya ɗora laifin a kan azzalumai, sa'an nan Ya yabi wanda ya yafe. Saboda haka wanda aka ci wa gado ko aka ture masa iyakar gona yana da damar ya kai ƙara wurin mai unguwa, ko fada, ko gaban alƙali, kuma bai fita daga sahun masu haƙuri ba. Abin da aka hana shi shi ne ɗaukar doka a hannunsa, da ƙara ƙarya a cikin ƙararsa, da zuwa wurin boka.

A nan akwai wata al'ada da ya kamata mu gyara. Idan rigima ta tashi tsakanin mai ƙarfi da mai rauni, sai dattawa su taru a kan mai raunin suna cewa "a yi haƙuri", mai ƙarfin kuwa ba wanda ya ce masa uffan. Wannan danne gaskiya ne, ko da an kira shi sulhu. Annabi (S.A.W.) ya umurce mu, a hadisin Anas da Buhari ya ruwaito, da mu taimaki ɗan'uwanmu ko shi ne azzalumin, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa daga zaluncin. Wanda zai ce wa maraya ya yi haƙuri, to ya fara ce wa wanda ya ci gonar ya ji tsoron Allah.

3. ADALCIN ALLAH DA JINKIRIN SAKAMAKO

Tushen natsuwar mumini shi ne saninsa cewa Allah ba Ya zalunci. A hadisin ƙudusi da Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin (R.A.), Allah Ya sanar da bayinSa cewa Ya haramta wa kanSa zalunci, Ya kuma haramta shi a tsakaninsu. Suratun Nisa'i, aya ta 40, da Suratul Anbiya'i, aya ta 47, sun tabbatar da cewa mafi ƙanƙantar aiki ba zai ɓace a ma'aunin ranar ƙiyama ba. Suratu Ibrahim kuma, aya ta 42, ta gargaɗe mu kada mu zaci Allah Ya shagala ga barin abin da azzalumai suke yi, jinkiri ne kawai zuwa ranar da aka ɗiba. Matsalarmu ita ce mu muna ƙidaya da kwanaki da watanni, muna so mu ga sakamako kafin mu kwanta dama.

Bari mu ɗauki darasi daga abin da ya faru a wannan ƙasa a 1899. A wannan shekara wata runduna ta Faransa, ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufo gabas. Duk inda ta ratsa sai ta bar toka da gawawwaki. A watan Mayu ta afka wa Birnin Ƙonni ta yi kisan da har yau ba a manta ba. Labarin ta'asarsu ya kai har Faransa, aka turo wani babban hafsa mai suna Klobb ya karɓe rundunar, sai Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli a kusa da Tasawa. Ba a yi kwana huɗu ba sojojin da suke ba wa umurni suka juya musu bindiga: aka kashe Chanoine ranar 16, aka kashe Voulet ranar 17, kaburburansu suna Maijirgi. Hannun da suka yi amfani da shi wajen zalunci, shi Allah Ya ɗora a kansu. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Wannan kuma shi ne ma'anar hadisin Abu Musa (R.A.) a Buhari da Muslim, cewa Allah Yakan saurara wa azzalumi, amma in Ya kama shi babu kuɓuta.

Sai dai tarihin bai tsaya nan ba, kuma ragowarsa ta fi muhimmanci ga darasinmu. Mako biyu kacal bayan mutuwar waɗannan azzalumai, sauran rundunar ta iso Tirmini a ƙarshen watan Yuli, aka gwabza, Damagaram ta faɗi. Ganuwar da Sarki Tanimun ya gina da bindigogin da aka ƙera a zamaninsa ba su hana ba. A watan Satumba aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga. A 1906 Nasara suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin ƙulla musu makirci, suka kai shi gudun dole ƙasar Kwaddibuwa. Mulkinsu bai kau ba sai ranar 3 ga Agusta 1960, watau bayan shekara 61. Mafi yawan waɗanda suka ga ranar Tirmini sun riga mu gidan gaskiya ba su ga ranar da aka sauke tutar Faransa ba. Shin za mu ce haƙƙinsu ya salwanta? Ko kusa. Allah Ya nuna wa mutanen wannan zamani wani yanki na adalcinSa cikin kwana uku domin su san Yana gani, Ya kuma ajiye sauran zuwa kotun da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta.

A wannan kotu ne za a yi abin da Annabi (S.A.W.) ya ba da labari a hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito game da matsiyacin gaskiya: mutumin da zai zo da sallah da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani, sai a yi ta ɗibar ladansa ana biyan masu haƙƙi, in ya ƙare a kwaso zunubansu a jibga masa. A wani hadisin na Muslim an nuna cewa har tunkiya marar ƙaho za a rama mata abin da mai ƙaho ta yi mata. Ubangijin da bai manta da tunkiya ba, yaya zai manta da bazawarar da aka hana wa tumunin takabarta?

Mu kuma sani cewa adalcin Allah ba ya duban gari ko ƙabila. A zamanin ƙarfin Damagaram an kai hare-hare ƙasashen maƙwabta, an kamo mutane, an sayar da wasu ga ayarin da yake haye Sahara. Su ma waɗannan bayin Allah suna da ranarsu. Duk wanda yake jin daɗin ambaton ranar sakamako don wani ya zalunce shi, to ya tuna cewa wataƙila akwai wanda yake jiran wannan rana saboda shi.

4. MUSIBA BA HUJJA BA CE A KAN WANDA TA SAMA

Wani kuskure mai haɗari shi ne ɗaukar kowace musiba alamar fushin Allah, da ɗaukar kowace wadata alamar yardarSa. Suratul Fajri, aya ta 15 zuwa 17, ta rushe wannan zato. Tirmizi ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.) cewa annabawa su ne mafi tsananin jarrabawa, sa'an nan masu bi musu a daraja. Mafificin halitta (S.A.W.) ya yi kusan shekara uku a tsare tare da danginsa a kwarin Abu Ɗalib, Ƙuraishawa sun yanke ciniki da auratayya da su, har yunwa ta kai su ga cin ganyaye. Da aka fito kuma, a shekara ta 10 bayan aiko shi, ya rasa Abu Ɗalib da Nana Hadiza (R.A.) a shekara guda. Wa zai ce Allah Yana fushi da shi?

Ranar 3 ga Satumba 2024, bayan ruwan sama mai yawa, tsohon masallacin ƙasa na Birni, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. A wannan damina gidaje masu yawa sun faɗi a sassan Nijar, an yi asarar rayuka. Ruwan da ya rushe ɗakin talaka shi ne ya rushe ɗakin Allah da aka yi fiye da shekara 150 ana sujada a cikinsa. Da rushewa alamar fushi ce a kullum, da masallaci bai faɗi ba. Hasali ma Annabi (S.A.W.) ya lissafa wanda gini ya faɗa wa da wanda ruwa ya ci a cikin shahidai, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim.

Haka nan a watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, da yawansu kuma daga yankin Kance suka fito. Babu mai hankalin da zai ɗora wa waɗannan yara laifi. Tambayar da ta dace ita ce wadda za mu yi wa kanmu: me ya fitar da uwa da goyonta daga ƙauyensu zuwa hamada, kuma ina maƙwabta da masu hali suke a lokacin? Ladabin da malamai suka koyar shi ne, idan musiba ta sami mutum, ya binciki kansa ya tuba. Idan ta sami ɗan'uwansa, ya kyautata masa zato ya kai masa ɗauki.

5. DARASIN SHEKARUN YUNWA

Ƙasarmu ta sha ganin yunwa. Damina ta gaza a 1913, aka shiga yunwar da Hausawa suka kira Kakalaba, a daidai zamanin da harajin Nasara ya yi wa talaka nauyi. An yi farin 1973 zuwa 1974 da ya ƙarar da dabbobi. An yi na 1984 zuwa 1985, wanda ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, har mutane suka laƙaba wa shekarar sunan El-Buhari. A 2005 kuma, bayan ƙarancin ruwa da farin ɗango na 2004, jihohin Maraɗi da Damagaram da Tawa sun ga yara suna ramewa a bayan uwayensu. Abin lura a 2005 shi ne, hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tsadarsa ce ta fi ƙarfin talaka. Ashe ɗaukewar ruwa daga Allah take, amma ɓoye hatsi, da rancen buhu ɗaya da damina a biya biyu da kaka, aikin hannun mutane ne, kuma za a tambaye su. Muslim ya ruwaito daga Ma'amaru ɗan Abdullahi (R.A.) cewa mai ɓoye abinci don ya yi tsada mai saɓo ne.

Magabata sun nuna mana yadda ake haɗa haƙuri da aiki. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi farin da ake kira Shekarar Toka a Madina da kewayenta. Sayyidina Umar (R.A.) ya haramta wa kansa nama da man shanu har mutane su samu, ya rubuta wa gwamnoninsa, cikinsu har da Amru ɗan Asi, aka aiko da ayarin abinci, ya kafa wuraren ciyar da waɗanda suka kwararo daga ƙauyuka, sa'an nan ya fita roƙon ruwa ya gabatar da Abbas, baffan Annabi (S.A.W.), ya yi addu'a. Bai tsaya ga addu'a ya bar tukunya ba, bai kuma tsaya ga tukunya ya bar addu'a ba. Annabi Yusufu (A.S.) ma da ya hango shekara bakwai na fari, shawarar da ya bayar ita ce a ajiye hatsi a zangarniyarsa, dabarar da manomanmu suke bi har yau a rumbunansu.

Muna da misali a kusa da mu. Bayan farin 1984, manoma a Maraɗi da kudancin Damagaram, musamman Magarya da Matamaye da Mirya, suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa sassabe suna renonsa maimakon su tumɓuke shi. Masana sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da kimanin eka miliyan 5 ta ma'aunin hekta a Nijar. Gawo yakan zubar da ganyensa da damina, ya bar wa gero rana, ya ba shi taki, da rani kuma ya ciyar da dabbobi. Wanda ya bar tohon gawo ya san sai bayan shekaru zai ci amfaninsa, wataƙila ma 'ya'yansa ne za su ci. Wannan shi ne haƙurin da Hausawa suke nufi da suka ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa: yana haƙuri, amma wuta tana ci a ƙarƙashin tukunyar.

6. INDA ZUCIYA TAKE SAMUN HUTU

Mai wahala yana bukatar abin da zai riƙe yau, kafin gobe ta zo. Ga abubuwa shida da Sunna ta shiryar da mu gare su.

(a) Kame kai a bugun farko. Annabi (S.A.W.) ya shige wata mata tana kuka a bakin kabari, ya yi mata nasiha, ta mayar masa da magana don ba ta gane shi ba. Da ta zo ba da hanzari sai ya sanar da ita cewa haƙurin da ake yabo shi ne na lokacin da musiba ta fara sauka. Bayan kwana arba'in kowa ma yakan haƙura, mumini da wanda ba mumini ba.

(b) Yin istirja'i, kamar yadda Suratul Baƙara ta koyar daga aya ta 155 zuwa 157, da roƙon Allah lada da musanya mafi alheri. Ummu Salama (R.A.) ta yi wannan addu'a da mijinta Abu Salama ya rasu, tana ganin babu wanda zai maye gurbinsa, sai Allah Ya musanya mata da Manzon Allah (S.A.W.).

(c) Sallah da zikiri. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yakan nemi Bilalu ya tayar da sallah domin ya sami hutu da ita. Suratur Ra'adi, aya ta 28, ta nuna cewa natsuwar zukata tana cikin ambaton Allah. Wanda damuwa ta hana shi barci, da ya kwana yana juyi a kan tabarma yana lissafin wanda ya cuce shi, gara ya yi alwala ya kai ƙararsa inda ake karɓa. Addu'ar wanda aka zalunta ba ta da shamaki, kamar yadda Annabi (S.A.W.) ya gargaɗi Mu'azu da zai tura shi Yaman.

(d) Tuna ladan da yake cikin wahala. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa gajiya, da ciwo, da damuwa, har ƙayar da ta soki Musulmi, ana kankare masa zunubi da su. Suratuz Zumar, aya ta 10, ta nuna cewa ladan masu haƙuri ba shi da ma'auni.

(e) Duban wanda yake ƙasa da kai a abin duniya. Mai cin tuwo sau ɗaya a yini ya tuna da wanda yake kwance a asibiti ga abinci amma ba ya iya haɗiya.

(f) Miƙa ƙarar ga Allah bayan an yi abin da za a iya. Wanda ya kai ƙara bai sami gaskiyarsa ba, kada ya bar ƙiyayya ta cinye masa sauran kwanakinsa, azzalumi ya ci gonarsa ya kuma ci barcinsa. Ya ce ya bar wa Allah, ya kuma bari ɗin da gaske. In ya iya yafewa, wannan daraja ce babba. In bai iya ba, babu laifi a kansa, haƙƙinsa yana nan a rubuce.

7. NAUYIN DA YAKE KAN JAMA'A

Ya 'yan'uwa, jarrabawar talaka ita ce rashi, jarrabawar mai hali kuwa shi ne talakan da yake ƙofar gidansa. Sau da yawa sauƙin da Allah Ya yi wa mai wahala alkawari ta hannun ɗan'uwansa yake zuwa. Saboda haka muna kira ga manoma su fitar da zakkar hatsi ranar girbi: nisabinta wasƙi 5, watau sa'i 300, ana fitar da kashi ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin haka kuma ga abin da aka shayar da wahala. Muna kira ga 'yan kasuwa su fito da abin da suka tara idan tsada ta yi tsanani, ga masu bin bashi kuma su saurara wa wanda ba shi da halin biya, kamar yadda aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umurta. Annabi (S.A.W.) ya yabi Ash'ariyyawa domin idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai, har ya ce shi nasu ne su ma nasa ne. Babu abin da zai hana jama'ar kowane masallaci su kafa rumbu na haɗin gwiwa da kaka, kowa ya zuba tiya ɗaya ko biyu, a damƙa shi ga amintattu, a buɗe shi a tsakiyar damina ga marayu da zawarawa da tsofaffin unguwa. Liman da ladan da mai unguwa sun san gidan da ba a hura wuta ba, ko da masu gidan sun rufa wa kansu asiri.

Muna roƙon Allah (S.W.T.) Ya sanya mu cikin masu haƙuri idan an jarrabe su, masu godiya idan an ba su, masu neman gafara idan sun yi laifi. Ya Allah, Ka yaye wa masu ƙunci ƙuncinsu, Ka biya wa masu bashi bashinsu, Ka ba marasa lafiya lafiya, Ka isar wa wanda aka zalunta, Ka kuma tsare mu daga zaluntar kowa. Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka jiƙan magabatanmu, Ka sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.